Wa zai kai gawar kaza ɗakin bincike?

Duk wanda ya tashi a gidan da ake kiwon kaji a ƙasar Maraɗi ya san abin da ake yi idan aka wayi gari aka tarar da kaza ta sunkuyar da kai, fikafikanta sun saki, tana tsaye wuri guda kamar mai gyangyaɗi. Ba a tsayawa dogon tunani, wuƙa ake nema domin a riga ajali kafin nama ya zama mushe. Idan biyu ko uku suka bi sahunta, sai a kama masu sauran kuzari a ɗaure musu ƙafafu, a ba yaro ya kai kasuwa ranar da take ci, waɗanda suka mutu cikin dare kuma a jefa su juji ko bayan gari, karnuka da ungulaye su yi dabdala. Ban ga laifin kowa ba a nan, domin kaza ita ce asusun mace a karkara, da ita ake sayen sabulu da gishiri da littafin ɗan makaranta, da ita ake fita kunyar baƙo. Abin da nake son mu duba shi ne cewa wannan al'ada tamu ta cikin gida ta shafi wani babban aiki da masana ke yi a duniya, wato binciken ƙwayar cutar murar tsuntsaye da neman allurar rigakafinta. Muddin gawar kazar nan ba ta isa hannun mai bincike ba, duk allurar da za a haɗa a Turai ko a Sin da awon wasu za a ɗinka ta, mu kuma a miƙo mana mu sa, ko ta yi mana ko ba ta yi ba.

Cutar ba baƙuwarmu ba ce. Nau'in da ake kira H5N1 an fara gano shi ne a jikin dinyar gida a lardin Guangdong na ƙasar Sin a 1996, shekara guda bayan haka ya kama mutum 18 a Hong Kong, 6 suka rasu, hukumomin birnin suka hallaka kaji fiye da miliyan guda cikin 'yan kwanaki. A watan Fabrairu na 2006 aka tabbatar da ɓullarsa a wata gonar kaji a jihar Kaduna, karo na farko ke nan a nahiyar Afirka, kuma kafin watan ya ƙare an same shi a Magarya, cikin jihar Damagaram. A farkon 2007 ya kashe wata matashiya a Legas. A watan Afrilu na 2015 kuwa a nan Maraɗi aka tabbatar da shi, a wata gonar kajin ƙwai. Masu binciken da suka karanta tsarin gadon ƙwayoyin da aka ɗiba a Najeriya a 2006 sun gano cewa cutar ba sau ɗaya ta shigo ƙasar ba, ta hanyoyi daban-daban ta shigo, kuma a wannan shekarar an same ta har a jikin ungulaye a Burkina Faso. Wanda ya san abin da ungulu ke ci ba zai yi mamaki ba.

Zaman Maraɗi a inda take ya sa ba za mu taɓa cewa mun tsira ba. Daga cikin gari zuwa Ɗan Isa da Jibiya tafiyar awa guda ce a mota ko ƙasa da haka, kuma 'yan tsaki da ƙwai da abincin kaji suna ƙetara iyakar nan ta hanyar kwalta da ta barauniyar hanya, zabi da kajin gida su ma suna gangarawa kudu. Ga kuma tafkin Madarumfa da sauran tafukka, inda agwagin daji da suka baro Turai da Asiya ke sauka da hunturu, su sha ruwa ɗaya da agwagin gida. Hanyoyi biyun da cutar ke bi ke nan a ko'ina cikin duniya, fatauci da ƙaurar tsuntsaye, kuma dukansu sun ratsa ta ƙofar gidanmu.

Kafin a fahimci dalilin da ya sa neman allurar wannan cuta ke da wuya, sai an san halin ƙwayar kanta. Gadonta ba dunƙule yake ba, gida takwas ne. Idan ƙwayoyi iri biyu suka haɗu a jikin tsuntsu ɗaya, ko alade ɗaya, ko mutum ɗaya, suna iya musanyar waɗannan gidaje, sai a sami sabuwa wadda ta ɗauko biyar daga wannan uku daga waccan. Ban da haka, duk lokacin da take hayayyafa tana yin ƙananan kurakurai wajen kwafar kanta, kurakuran nan su taru su sauya mata kama. A bayanta akwai wasu ƙayoyi iri biyu, waɗanda daga sunayensu aka samo haruffan H da N: na farko da shi take liƙewa a jikin wanda za ta kama, na biyu da shi take kuɓucewa ta ci gaba da yaɗuwa. Allurar rigakafi tana koya wa jiki ne ya shaida ƙayar H ɗin nan, saboda haka idan ƙayar ta sauya siffa, jikin da aka yi wa allura zai iya ganin ɓarawo ya ɗauka baƙo ne. Abin da ya tsare mu har yanzu shi ne cewa ƙayar murar tsuntsaye ta fi dacewa da jikin tsuntsu, ba ta iya liƙewa da kyau a hanci da maƙogwaron ɗan Adam, shi ya sa ba ta yawo daga mutum zuwa mutum yadda murar da muka saba ke yi. Amma idan ta sami shiga can cikin huhu tana yin mummunar ɓarna, domin daga 2003 zuwa yau Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙirga mutane fiye da 900 da suka kamu da H5N1, kusan rabinsu kuma sun rasu, mafi yawansu a Masar da Indunusiya.

Tun daga wajen 2021 wani sabon reshe na wannan ƙwaya ya bazu fiye da duk na baya. A watan Janairu na 2021 an tsinci gawar kwasakwasa kimanin 750 a gandun tsuntsaye na Juj da ke arewacin Senegal. Reshen ya ƙetara teku zuwa Amurka ta Arewa da ta Kudu, ya kashe dubban dabbobin teku masu shayarwa, ya isa har yankin ƙanƙara na ƙarshen kudancin duniya. A watan Maris na 2024 aka same shi a jikin shanun madara a jihar Teksas ta Amurka, abin da masana ba su zata ba, kuma aka tarar ƙwayar ta fi taruwa a cikin hantsa da madara, har kyanwoyin da suka sha ɗanyar madarar suka mutu. Mu da fura da nono ke cikin abincinmu na yau da kullum, kuma kajinmu ke tonon kashin shanu a garke ɗaya, bai kamata mu ji wannan labari mu wuce ba.

Ana yi wa kaji allurar wannan cuta, kuma tana aiki idan an yi ta yadda ya kamata. Misalin da ya fi burge ni shi ne na Sin. Wani nau'in da ake kira H7N9 ya ɓulla can a 2013, ya kama mutum fiye da 1,500, ya kashe fiye da 600. A watan Satumba na 2017 gwamnatin ƙasar ta fara yi wa kaji allura mai kare su daga H5 da H7 a haɗe, wadda cibiyar binciken dabbobi ta Harbin ta samar. A zangon da ya gabaci allurar mutum fiye da 700 ne suka kamu, a wanda ya biyo baya kuwa uku kacal. Kaji aka yi wa allura, mutane suka sami lafiya. Faransa ita ma ta fara yi wa agwaginta allura a watan Oktoba na 2023, ita ce ta farko a Tarayyar Turai da ta yi hakan a faɗin ƙasa, kuma gonakin da cutar ta afka wa suka sauko daga ɗaruruwa zuwa kimanin goma a shekarar farko, ko da yake Amurka da Japan sun taƙaita sayen kayan kaji daga wurinta saboda wannan mataki.

Sai dai akwai Masar, kuma ita ce ta fi kama da mu. Ta fara allura tun 2006, amma cutar ta zauna daram a ƙasar, saboda allurai da yawa da aka shigo da su ba a haɗa su da irin ƙwayar da ke yawo a can ba, kuma kajin da ke cikin gidaje da saman soraye ba a iya kai musu allurar yadda ya kamata ba. Bambancin Sin da Masar yana wajen bibiya. Masu binciken Harbin suna ɗibar samfur daga kasuwanni da gonaki ba fashi, da zarar sun ga ƙwayar ta sauya kama sai su sauya irin da ake haɗa allurar da shi, kuma sun yi haka sau da dama. Allurar da ba ta dace ba tana da wata illa da ta fi rashin amfani muni: kazar ba za ta mutu ba, amma za ta ci gaba da zubar da ƙwayar a kashinta, mai ita yana ganinta garau, ya kai ta kasuwa da zuciya ɗaya. Mutuwar kaji, duk da zafinta, ita ce ƙararrawar da ke sanar da mu cewa cuta ta shigo, kuma rabin allura yana kashe ƙararrawar ya bar gobarar tana ci. Saboda haka ina jan kunnen masu gonakin kaji na kewayen gari da ke sha'awar sayen allura ta bayan fage daga hannun 'yan kasuwa, wadda ba a san irin da aka haɗa ta da shi ba, ba a kuma san rana nawa ta yi cikin zafin mota ba. Najeriya da kanta, inda mafi yawan kayan kiwon kajinmu ke fitowa, ta daɗe tana bin manufar hana yin wannan allura.

Ni ba mai adawa da allurar ba ne. Hukumar Lafiyar Dabbobi ta Duniya ma ta amince a 2023 cewa allura na iya zama ɗaya daga cikin makaman yaƙi da cutar, tare da sa ido. Damuwata ita ce allurar da ke akwai ba don kazarmu aka yi ta ba. Yawancinta sai an ajiye ta cikin sanyi tsakanin digiri 2 zuwa 8, sai an kama kowace kaza an soka mata, sau da yawa har sau biyu. Akwai wadda ake yi wa ɗan tsako ranar da aka ƙyanƙyashe shi, wannan ta dace da manyan gonaki masu sayen 'yan tsaki daga injin ƙyanƙyasa. To, kazar Gidan Rumji ko Mayahi ko Dakoro fa, wadda uwarta ta ƙyanƙyashe ta a ƙarƙashin rumbu, take kwana a kan reshe? Zabo fa, wanda kama shi kaɗai aikin yini ne? Wanda ya taɓa bin zabo da rana tsaka ya san cewa shirin da ya dogara da soka masa allura sau biyu a takarda zai ƙare.

An taɓa warware irin wannan matsala, shi ya sa ban ɗauke ta mafarki ba. Ciwon bushiya da ya riƙa share garken shanu a zamanin kakanninmu, gangamin yi masa allura ya faro ne a 1962 daga ƙasashen tafkin Cadi, har da Nijar, amma bai ƙare ba sai da aka sami allurar da ke jure zafi, wadda za a iya kai ta ruga ba tare da ƙanƙara ba, aka kuma koya wa makiyaya yin ta da kansu. A 2011 aka bayyana cewa an kawar da ciwon daga doron ƙasa. Haka nan ciwon kaji na hunturu da likitocin dabbobi ke kira Niyukasal, masu bincike a Ostareliya sun samar masa da wata allura mai jure zafi da ake ɗiga wa kaza a ido, kuma mace a ƙauye tana iya koyon yin ta cikin yini guda. An riga an gwada ɗora kariyar murar tsuntsaye a kan ƙwayar allurar Niyukasal a Sin da Meziko. Irin wannan binciken ne ya dace da mu, amma kamfanin da ke neman riba ba zai zuba dukiyarsa domin kazar da kuɗinta bai wuce jika biyu ko uku ba, sai in gwamnatocinmu da jami'o'inmu ne suka matsa, suka kuma sa nasu hannun.

Ba daga ƙasa za a faro ba. A Yamai akwai babban ɗakin binciken lafiyar dabbobi na ƙasa, LABOCEL, wanda ke gwajin cututtuka yana kuma haɗa alluran dabbobi, akwai cibiyar binciken lafiya ta CERMES mai bin diddigin mura a jikin mutane. A nan gida akwai Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo da sashenta na aikin gona, a Vom ta jihar Filato kuma akwai cibiyar binciken dabbobi da ta kai shekara ɗari tana aiki. An daɗe ana aika samfur daga Afirka ta Yamma zuwa wani ɗakin bincike da ke kusa da Padova a Italiya domin tabbatarwa da karanta gadon ƙwayar. Babu aibu a haɗin gwiwa, amma na'urar karanta gadon ƙwayar cuta a yau akwai wadda ba ta fi wayar hannu girma ba, kuma annobar korona ta sa ƙasashen Afirka da yawa sun koyi aikin. Ban ga dalilin da zai hana ɗalibin jami'ar Maraɗi ya rubuta kundinsa a kan ƙwayoyin da ke yawo a kasuwar kaji ta garinsu da bakin tafkin Madarumfa ba, wata bayan wata, shekara bayan shekara. Yadda zabo ke ɗaukar cutar, da kwana nawa ƙwayar ke rayuwa a kashin kaza cikin sanyin hunturu da zafin bazara, da abin da tsamin nono ke yi mata, duk tambayoyi ne da mu suka fi dama, kuma a nan ne za a fi samun amsarsu.

To amma na'ura ba ta karanta abin da ba a kawo mata ba, kuma a nan ne maganar ta komo kan matar da ta nemi wuƙa. Me zai sa ta kai rahoto? Abin da ta sani shi ne idan ma'aikatan kiwo suka zo da fararen riguna za su hallaka har lafiyayyun kajinta da na maƙwabta, a rufe kasuwa, a yi ta nuna ta da baki cewa ita ta jawo wa gari. Na ga haka da idona a wajen wata gwaggota, wadda ta gwammace ta binne kajinta cikin dare da a ji labari. Lokacin da cutar ta ɓarke a Najeriya a 2006, diyyar farko da aka yanka naira 250 ce kan kowace kaza, ƙasa da kuɗinta a kasuwa, sai daga baya aka gyara. Diyyar da ta gaza, ko wadda sai an yi watanni ana jeka-ka-dawo a ofis kafin a same ta, umarni ne ga mai kaza ya ɓoye ya kuma sayar da sauri. Saboda haka a ganina kuɗin diyya cikin kasafin bincike ya kamata a lissafa shi, daidai da kuɗin na'ura da albashin masani, domin shi ne farashin samfur.

Akwai kuma allurar mutane, wadda labarinta ya fi ɗaci. Har yanzu mafi yawan allurar mura a cikin ƙwan kaza ake renon ƙwayarta, aikin yana cin kusan wata shida, kuma abin dariya ne mai ban tsoro a ce cutar da ke kashe kaji da ƙwansu ake dogaro wajen yaƙarta. Ƙasashe masu hali sun tanadi nasu, Finlan ma ta fara yi wa masu aiki a gonakin kaji da na dabbobi masu gashi allura a 2024. Amurka ta ba kamfanin Moderna kwangilar dala miliyan 590 a watan Janairu na 2025 domin haɗa allura ta sabuwar fasaha mai sauri, sannan ta soke ta a watan Mayu, abin da ke nuna cewa ko a can aikin yana bin iskar siyasa. Afirka kuwa kashi ɗaya cikin ɗari na alluran da take amfani da su take haɗawa, kuma mun ga inda aka ajiye mu a layi lokacin korona. A 2007 ministar lafiya ta Indunusiya, Siti Fadilah Supari, ta dakatar da aika samfurin H5N1 waje, tana mai ƙorafin cewa ana karɓar ƙwayar kyauta daga matalauta, a haɗa allura, a sayar musu da tsadar da ba za su iya ba. An zarge ta da jefa duniya cikin haɗari, amma rigimar ce ta haifar da yarjejeniyar 2011 wadda ta ɗora wa kamfanoni ware wani kaso na allura domin ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi. Ba na cewa mu riƙe samfur, domin cutar ba ta san iyaka ba. Ina cewa ƙasar da ke da samfur da bayanai tana da abin ciniki a hannu, wadda ba ta da su kuwa roƙo kawai ya rage mata.

Wani ɓangare na binciken ban natsu da shi ba. A 2011 Ron Fouchier a Holan da Yoshihiro Kawaoka a Amurka sun sauya ƙwayar da gangan har ta iya yaɗuwa ta iska tsakanin wasu ƙananan dabbobi masu kama da tunku, waɗanda hanyar numfashinsu ke kama da tamu, suka nuna cewa sauye-sauye kaɗan ne suka rage tsakaninta da zama annobar mutane. Hujjarsu ita ce a san alamomin da za a riƙa dubawa. An yi ta taƙaddama, masanan suka dakatar da aikin na shekara guda, Amurka ta tsayar da kuɗin irinsa daga 2014 zuwa 2017. Na yarda ilimin ya yi amfani, amma idan ƙwayar ta kuɓuce daga ɗakin bincike, mu da ba a shawarce mu ba, mu da asibitocinmu ba su da isasshen iskar taimakon numfashi, mu za mu fi ɗanɗana kuɗarta. Kuma jerin alamomin da suka gano ba shi da amfani a wurin da ba a duba ƙwayar ko sau ɗaya a shekara.

Na san za a ce mini ƙasar da zazzaɓin cizon sauro ke cika asibitocinta kowace damina, ga tamowa, ga 'yan bindiga a bakin iyaka, ina ta ga sukunin damuwa da murar kaji. Maganar tana da nauyi, ba kuma zan yi kamar ban ji ta ba. Sai dai ƙwai da naman kaza suna cikin abin da ke tsare yaro daga tamowar, kuma abin da nake nema bai kai kuɗin gina asibiti ɗaya ba. Lambar waya ce da kowane mai gari da kowane dillalin kaji ya sani, da babur da akwatin ƙanƙara ga ma'aikacin kiwo na kowace gunduma, da gwajin da zai bambanta murar tsuntsaye da Niyukasal cikin kwana biyu, tun da a ido kamarsu ɗaya, da sanarwa a gidajen rediyo cewa yara su daina fige kazar da ta yi ciwo, da diyya daidai da farashin kasuwa wadda za a damƙa wa matar a hannunta cikin mako guda, ba ta hannun wani ba. Agwagin daji suna fara sauka ne bayan kaka, idan sanyi ya kama, saboda haka tun da damina ya kamata hukumomin jiha da ma'aikatar kiwo su zauna kan wannan lissafi.